Na fasa gilashin kwamfutar Yayana, ina so in canja shi a ɓoye kafin ya dawo

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe ta jami'a, a Zariya nake. Yayana ne ya ara mini kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, HP mai inci 15.6, don in rubuta aikin kammala karatuna. Shi ya tafi aiki Fatakwal, sai nan da mako uku zai dawo. Daren Talata barci ya ci ƙarfina ina cikin rubutu, sai na rufe ta ban lura biro na kan maɓallan ba. Da safe da na buɗe, sai na ga wani baƙin tabo kamar an zubar da tawada, ga layuka masu launi daga sama har ƙasa. Babi huɗu na aikina suna ciki. Na kai wa mai gyara, ya faɗi kuɗin da ba ni da su. Na kalli wani bidiyo a YouTube, na ga mutum ya canja gilashi cikin minti goma. Ina so in sayo gilashin in canja da kaina a ɗaki ba tare da Yaya ya sani ba. Ko Umma ban faɗa wa ba. Kwana biyu ke nan ba na iya cin abinci. Zan iya wannan aikin?

Wata ɗaliba daga Zariya

Wa alaikumus salam 'yata. Ki fara tashi ki ci abinci, domin babi huɗun nan naki suna nan lafiya ƙalau. Gilashin kwamfuta taga ce kawai da ake leƙa abin da ke ciki. Rubutunki yana cikin rumbun ajiyarta, can ƙarƙashin maɓallan, kuma biron da ya fasa tagar bai kai gare shi ba.

Yau da daddare ga abin da nake so ki yi kafin ki sake tunanin sukundireba. Ki nemi wayar HDMI, irin wadda ake haɗa dikoda da talabijin da ita. Ki soka kai ɗaya a gefen kwamfutar, ɗayan a bayan talabijin ɗin falo, ki ɗauki rimot ki juya talabijin ɗin zuwa HDMI, sannan ki kunna kwamfutar. Sau da yawa hoton yakan fito da kansa. Idan bai fito ba, ki rubuta lambar sirrinki a makance kamar yadda kika saba, ki danna maɓallin Windows tare da harafin P, zaɓin raba hoto zai bayyana. Da zarar kin ga fuskar kwamfutar a talabijin, kada ki tsaya komai: ki kwafe aikinki a filash, ki tura wa kanki ta imel, ki ajiye wani kwafin a Google Drive. Wuri uku. Daga nan za ki iya ci gaba da rubuta babi na biyar a gaban talabijin har Yayanki ya dawo, malamin da ke duba aikinki ma ba zai san an yi wani tsautsayi ba.

Wannan gwajin yana da wani amfanin. Idan hoto ya fito tas a talabijin, to cikin kwamfutar lafiya yake, ciwon ya tsaya a murfi. Ciwon murfi kuwa iri-iri ne. Akwai wanda fuskar takan yi duhu, amma in an haska tocila a kusa sai a hango hoto dishi-dishi, wannan hasken baya ne ya mutu, wato fitilar da ke haska gilashin daga bayansa. Akwai wanda layuka ke zuwa suna tafiya idan ana motsa murfin, wannan yawanci wayar da ta bi ta cikin hinji, wato mahaɗar murfi da jikin kwamfutar, ita ce ta gaji. Naki kuwa, tabon tawada bayan an rufe a kan biro, fashewa ce. Gilashin falle biyu ne siraran gaske da wani ruwa na musamman a tsakaninsu, idan ya tsage sai ruwan ya bar inda aka tsara masa, shi ne baƙin da kike gani. Ba ya ɗinkuwa. Duk wanda ya ce ki murza wurin da yatsa ko ki shafa man goge baki, kada ki saurare shi, tabon faɗaɗa kawai zai yi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna a wasiƙarki, wato kalmar nan "a ɓoye".

'Yata, na fahimci tsoronki. Mutum ya ɗauki abinsa mai tsada ya damƙa miki don ya ga kin ci gaba, sai ga shi ya lalace a hannunki. Kunya ce ta kama ki, kuma kunyar nan alama ce ta tarbiyya. Amma ki duba lissafin da kyau. Yau abin da ke tsakaninki da Yayanki tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa, kuma duk mai amfani da kwamfuta ya san biro ko abin sauraren kunne da aka manta a kan maɓallai sun fasa gilashin mutane da dama. Ranar da kika sa sukundireba a jikinta ba da saninsa ba, maganar ta tashi daga tsautsayi ta koma abin da kika yi da gangan. Idan aikin ya yi kyau, kin ɓoye masa wani abu game da dukiyarsa. Idan ya ɓaci, kin tara laifi biyu, kuma na biyun ya fi na farkon wuyar bayani.

Ban da haka, zai gane. Mutumin da ya shekara yana kallon fuska ɗaya kullum ya san haskenta da launinta kamar yadda ya san muryar matarsa. Sabon gilashi da wuya ya zo daidai da tsohon: wani ya fi fari, wani ya ɗan yi ja-ja, wani mai sheƙi ne alhali na da ba ya sheƙi. Firam ɗin roban da ya zagaye gilashin ma yakan nuna alamar an taɓa ɓamɓare shi, musamman a hannun wanda bai saba ba.

Akwai kuma abubuwan da shi kaɗai ya sani. Wataƙila kwamfutar tana da sauran garanti, wanda buɗe ta a gida zai iya jawo gardama a kansa. Wataƙila ma ta wurin aikinsa ce, suna da masu gyaransu da ƙa'idarsu. Wataƙila yana da wani amintaccen mai gyara da zai yi masa ragi. Ke ba ki da amsar ko ɗaya daga cikin waɗannan, kira ɗaya kuma zai ba ki su duka.

Ki fara da Umma, yau ɗin nan. Ki nuna mata kwamfutar da idonta. Sannan ki kira shi, kada ki tura saƙon rubutu, ya ji muryarki. Ba sai kin yi dogon sharhi ba. Ki ce: "Yaya, na yi maka ɓarna. Na rufe kwamfutarka a kan biro, gilashin ya fashe. Na gwada ta a talabijin, cikinta lafiya yake, kayanka ba abin da ya same su. Ina neman afuwa, kuma ina so ka faɗa mini yadda kake so a gyara." Mai yiwuwa ya yi faɗa, haƙƙinsa ne, ki yi shiru ki saurara. Idan kina da ɗan abin da kika tara, ki ce za ki sa a kuɗin gyaran, ko da zai ƙi karɓa.

To, a ce ya amince, ya ce ki gwada. Za ki iya? Amsata ita ce e, ga wasu kwamfutocin. Canja gilashi yana cikin gyare-gyare masu sauƙi, kuma mace mai nutsuwar da ta rubuta babi huɗu na bincike ba za ta gagara kwance noti huɗu ba. Amma minti goman da kika gani a bidiyo ki cire shi daga ranki. Wancan mutumin aikinsa ke nan kullum, kuma an yanke wuraren da ya tsaya yana fama. Ke ki ware rabin yini.

Ki fara duba irin murfin. Idan fuskar irin wadda ake taɓawa da yatsa ce, ko kuma gilashi ɗaya ne sumul ya rufe ta daga gefe zuwa gefe babu firam ɗin roba, to ki tsaya nan, aikin masu gyara ne, domin a manne yake da gam kuma galibi murfin gaba ɗaya ake canjawa. Haka kwamfutocin MacBook suke. Idan kuwa akwai firam ɗin roba da kike iya sa farce a tsakaninsa da gilashin, irin wanda aka fi gani a HP masu inci 15.6, to ana iya yi a gida. Ki juya kwamfutar ki karanta lambar samfurinta a ƙasa. Kamfanin HP yana sa littafin gyaran kwamfutocinsa kyauta a shafinsa na intanet, da zane-zanen kowane noti da inda yake, haka Dell da Lenovo. Ki sauke na samfurinki daidai, kuma bidiyon da za ki bi ya zama na wannan samfurin ne, domin kwamfutoci biyu masu kama ɗaya a ido sukan bambanta a ciki.

Kada ki sayi gilashi tukuna. Mutane da yawa a nan suke fara asara. Sai an buɗe an karanta abin da ke bayan tsohon kafin a san wanda za a saya.

Ki zaɓi safiya, lokacin da hasken rana ya wadata, kada ki dogara da wutar da za a iya ɗaukewa kina tsakiyar aiki. Ki zauna a tebur, ba a kan gado ko kafet ba. Ki shimfiɗa farin ƙyalle na auduga don duk notin da ya faɗi ki gan shi. Ki samo kiret ɗin ƙwai, kowane rukunin noti da raminsa, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogon noti a gurbin gajere yakan huda murfi ya ɓullo ta baya. Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramin sukundireba mai bakin kuros na gyaran waya, da tsohon katin ATM ko na layin waya wanda za ki riƙa ɓamɓare roba da shi. Wuƙa, reza da cokali ba su da wuri a teburin nan. Ki rufe ƙofa saboda yara, ki ajiye wayarki kusa, ki ɗauki hoto kafin ki cire kowane abu. Idan lokacin hunturu ne, kin san ɗan tartsatsin nan da ke kama mutum in ya taɓa ƙarfen ƙofa bayan ya cire rigar sanyi. Shi wannan ɗin yana iya kashe ƙananan kayan cikin kwamfuta. Ki cire mayafi ko hijabin leda mai santsi, ki sa na auduga, ki riƙa taɓa ƙarfen taga lokaci-lokaci kafin ki kai hannu ciki.

Sai maganar batir, wadda in kin manta da duk abin da na rubuta, ita kada ki manta. Kashe kwamfuta bai isa ba. Cire caja ma bai isa ba. Matuƙar batir yana haɗe, akwai wuta a kwance a cikin wayar da ke zuwa gilashi, wutar da ke kunna hasken baya, kuma tana da ƙarfi idan aka kwatanta da 'yar wutar da ke ɗauke da hoto, wadda ba ta wuce bolt 3.3 ba. Haƙoran da ke bakin wayar nan kuwa tsakanin ɗaya da ɗaya kamar rabin milimita ne. Hannu ya ɗan karkace wajen zarewa ko sokawa, sai haƙorin wuta ya taɓa maƙwabcinsa.

Na san wannan ne domin ya faru a hannuna. Shekarun baya wani maƙwabcina ya kawo mini kwamfutar ɗansa da fasasshen gilashi. Batirinta na ciki ne, sai an kwance bayanta gaba ɗaya kafin a kai gare shi, ni kuma ina sauri ana kiran sallar La'asar. Na ce ai a kashe take. Na zare tsohuwar wayar lafiya, wajen soka ta a sabon gilashin sai na ji wani ɗan ƙaramin sauti, ƙas, kamar an karya tsinken ashana. Babu hayaƙi, babu wari. Da na kunna, fuskar ta tsaya baƙi ƙirin. Na haska tocila, ga tambarin kamfanin can yana nunawa dishi-dishi. Fiyus ɗin hasken baya ne ya ƙone a kan babban fanel ɗin ciki, wato allon da kayan cikin kwamfutar suke haɗe a kansa. Fiyus ɗin nan wani abu ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba, wanda sai mai na'urar narka dalma da madubin ƙara girma yake iya canja shi. Na je na sami mahaifin yaron a ƙofar gida na faɗa masa abin da na yi, na biya kuɗin wancan gyaran daga aljihuna. Har yau ina tuna yadda yaron ya tsaya a zaure yana kallon kwamfutar, ga jarrabawa a gabansa. An yi sa'a fiyus ne kawai. Wani lokacin abin yakan wuce nan ya taɓa sashen da ke sarrafa hoto, garin neman gira a rasa ido.

Saboda haka, idan batirinki irin na waje ne mai sakata biyu a ƙasa, ki zare shi. Idan na ciki ne, sai kin kwance murfin ƙasa, ki lura wasu notunan sukan ɓuya a ƙarƙashin robobin da kwamfutar ke tsayawa a kansu, sannan ki zare filogin batirin daga fanel da farce ko da kati, kina riƙe da kan filogin, ba wayoyin ba. A wasu samfuran sai an kwance batirin kansa an ɗaga shi. Bayan haka ki danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 15 don sauran wutar ta fita. Idan kika ga batirin ya kumbura kamar burodi, kada ki matsa shi, kada wani abu mai tsini ya kusance shi, ki mayar da murfin ki kai wa mai gyara, domin irinsa yana kamawa da wuta. Idan kuma kika duba kika ga kai wa ga batirin ya fi ƙarfinki, to aikin gaba ɗaya ya fi ƙarfinki ke nan. Babu wata hanyar tsallake wannan matakin.

An raba batir, sai firam. Ki duba kusurwoyin ƙasa, wasu suna da noti biyu a ɓoye ƙarƙashin 'yan ƙananan robobi ko sitika. In babu, to maƙalai ne kawai ke riƙe da shi. Ki sa yatsunki ta gefen ciki, wajen gilashin, ki ɗaga a hankali, za ki ji yana ɓalluwa ɗaya bayan ɗaya. Ƙarar takan tsorata mai farawa, amma haka take. Gefen ƙasa ya fi taurin kai saboda yawanci akwai gam, kuma gam ɗin yakan kama wata baƙar leda da ke rufe da fanel ɗin gilashin, sai ki raba su da kati sannu-sannu. Wajen kyamara a sama ki sassauta hannu. Duk inda ya ƙi tasowa, akwai abin da ke riƙe da shi wanda ba ki gani ba, ki tsaya ki nemo shi maimakon ki ƙara ƙarfi.

Gilashin kansa iri biyu ne wajen ɗaurewa. Na da yana da 'yan kunnuwan ƙarfe sama da ƙasa, noti huɗu ke riƙe da shi. Na zamani mai siririn firam ba shi da noti ko ɗaya, wani salatef mai talewa ne a bayansa, da ɗan bakinsa da ya leƙo a kusurwa. Ana kama bakin ne a ja shi a kwance, a hankali, yana talewa kamar cingam har ya fita duka. In aka yi gaggawa ya tsinke a ciki, aiki ya ƙaru. Wannan salatef ɗin ba ya maimaituwa, sai kin sayo sabo tare da gilashin.

Idan ya saki, ki shimfiɗa ƙyalle a kan maɓallan, ki kwantar da gilashin a kai ta fuskarsa, kamar kina buɗe littafi. Kada ki ɗaga shi sama, wayar gajera ce. Ki kula da gefen da ya fashe, ɓarɓashinsa yana yanka, in kuma wani danshi ya taɓa hannunki ki wanke da sabulu. A baya, can ƙasa, za ki ga wayar ta shiga wani siririn baki mai ruwan zinare, an danne ta da salatef mai haske, wani lokacin da wata 'yar sandar ƙarfe da ake ɗagawa. Ki ɗaga salatef ɗin, ki ɗaga sandar in akwai, ki ja wayar baya a miƙe, kada ki karkata hagu ko dama, kada ki ɗaga ta sama. Sauran siraran wayoyin da za ki gani a cikin murfin, baƙa da fara masu bin gefe na eriyar Wi-Fi ne, ɗayar kuma ta kyamara ce. Ba ruwanki da su.

Yanzu ki ɗauki hoton farar takardar da ke manne a bayan gilashin. Za ki yi mamaki, ba sunan HP za ki gani a matsayin wanda ya ƙera ba. Kamfanoni kaɗan ne ke yin gilashin da kusan kowa ke sawa: BOE, Innolux, AU Optronics, LG da Samsung. Lambar BOE takan fara da NT ko NV, ta Innolux da N, ta AU Optronics da B, ta LG da LP, ta tsofaffin gilasan Samsung da LTN. Bayan haruffan sai lambobi uku masu nuna girma: 156 na nufin inci 15.6, 140 na nufin inci 14, 133 kuma inci 13.3. Wannan lambar ita za ki kai kasuwa.

Girma kaɗai ba ya wadatarwa, kuma a nan ne mai saye ke shan wahala. Bakin wayar akwai mai haƙora 30, akwai mai 40. Mai 30 shi ake kira eDP, shi ya fi yawa a kwamfutocin shekarun nan. Mai 40 kuwa kashi biyu ne: tsohon tsari da ake kira LVDS, da sabon eDP na fuskokin da ake taɓawa ko masu tsananin kyan hoto. Su biyun suna iya shiga bakin juna, amma yarensu daban, kuma haɗa su yana ƙona kaya. Sai yawan ɗigon hoto, akwai 1366 sau 768, akwai 1920 sau 1080, ki nemi irin wanda kika cire. Sai kunnuwan noti, akwai su ko babu. Ko faɗin gilashi mai inci 15.6 ɗin ma iri biyu ne, bambancinsu bai kai santimita ɗaya ba, amma ya isa ya hana firam rufuwa. Shi ya sa nake cewa ki naɗe tsohon gilashin a tawul ki tafi da shi, a ɗora sabon a kansa a gabanki.

Idan ba a samu a Zariya ba, ana samu a Kaduna, ko Kano wajen titin Beirut da kasuwar Farm Centre, masu shaguna da yawa kuma daga Computer Village ta Ikeja a Legas suke yin oda. Ki tambayi farashi a shago uku kafin ki ciro kuɗi. Ki tambaya ƙarara: sabo ne ko cire-cire? Wanda aka ciro daga wata kwamfutar ba laifi ba ne in lafiyayye ne, amma a faɗa miki gaskiya, farashinsa kuma ya nuna haka. Ki sa a rubuta lambar gilashin a rasit, da kwanakin da aka yarda ki dawo da shi in ya ba da matsala. Ki tafi da wani ɗan'uwanki namiji ko ƙawar da ta san kasuwar.

A nan zan faɗa miki ra'ayina tsakani da Allah. Mafi yawan kuɗin da mai gyaran nan ya faɗa miki kuɗin gilashin ne, ladan aikin ɗan kaɗan ne a ciki. Wato ko kin yi da kanki, abin da za ki rage bai taka kara ya karya ba, alhali haɗarin duka ya dawo kanki. Mai shagon da ya sayar miki kika tafi da shi gida, in kika dawo kika ce bai yi ba, zai iya cewa ke kika ƙona shi, kuma ba ki da shaida. In kuwa shi ya ɗaura a shagonsa, sai ya nuna miki yana aiki kafin ki biya. Da kwamfutarki ce ta kanki, kuma ba ki da aikin makaranta a gaba, da na ce ki zauna ki koya, ilimi ne mai amfani har ki riƙa taimakon wasu. Amma kayan aro ne, ga lokaci ya matse ki. Abin da na fi so miki shi ne ki ci gaba da rubutu a talabijin, Yaya ya faɗi yadda za a yi da kuɗin, a kai shago a ɗaura kina tsaye kina kallo. Ba sai kin ba kowa lambar sirri ba, tambarin HP da shafin shiga sun isa a ga ko gilashi yana aiki. Kada ki bar ta ta kwana a can. Kuma ki buɗe baki ki ce wa mai gyaran, "Malam, don Allah a fara cire batir." In ya ce ba komai ai a kashe take, ki ɗauki kayanki ki ƙara gaba.

In kuma Yaya ya ce ke ɗin yake so ki yi, to mayarwa ita ce kwancewa a juye. Ki soka wayar a miƙe har sai layin zinaren ya shige daidai ta gefe biyu, ki mayar da sandar, ki danne da salatef. Ki jingina gilashin a gurbinsa ba tare da kin manne ko kin rufe firam ba, ki haɗa batir, ki kunna. Ki buɗe farin shafi ki duba ko akwai ɗigo ko tabo, ki buɗe baƙi ki duba ko haske na tsiyaya ta gefe, ki ƙara haske ki rage ki ga yana amsawa. In akwai abin da za ki sake taɓawa a wayar, ki kashe, ki sake raba batir tukuna, ko sau nawa ne. Sai komai ya yi daidai za ki ɗaure notuna, ki tabbatar babu wayar da firam zai danne, ki bi gefe-gefe kina matsawa har maƙalan su koma. Ledar da ke fuskar sabon gilashin ki cire ta kafin ki rufe firam, in ba haka ba bakinta zai maƙale a ciki.

Tun da murfin yana buɗe, ki duba hinjin nan biyu. Ƙurar da muke fama da ita takan sa su yi tauri, taurin kuma shi ke tsinke gurbin noti a cikin roba har murfi ya fara buɗe baki ta kusurwa. In notunansu sun saki ki ɗaure su daidai wa daida, in kuma kin ga robar ta tsage ki nuna wa Yaya, domin hinji mai tauri yana iya fasa sabon gilashin ma. Daga yau ki riƙa buɗe murfin ta tsakiya, kada ki ɗauki kwamfutar ta fuskarta, kuma ki shafa hannu a kan maɓallan kafin ki rufe.

Tsohon gilashin kada ki jefa shi a bola inda yara ke tsince-tsince. Ki naɗe shi a kwali ki ajiye tare da rasit ɗin har Yayanki ya dawo ya gani, daga baya a ba masu gyara, sukan karɓa. Ki rubuto mini bayan kun yi magana da shi, ki haɗo da hoton takardar bayan gilashin in an kai ga buɗewa, zan duba miki lambar kafin a biya kuɗi. Allah ya sanyaya zuciyarsa, ya ba ki sa'ar kammala karatun lafiya. Ki gaida Umma.

Kawunku